Farfesa Ishaya Audu: Likitan da Aka Ba Amanar Jami'a

 A wannan fili mun saba duban rayuwar waɗanda suka riga mu, domin mu ga yadda Allah ya bi da su, mu kuma auna tamu tafiyar. Yau za mu dubi rayuwar Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu, Bahaushe mai bin Almasihu daga ƙasar Zazzau, wanda shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abu ɗaya muke so mu lura da shi cikin tarihinsa, wato amana. Mutanen da ba addininsu ɗaya da shi ba sun danƙa masa abubuwa masu nauyi, shi kuwa ya riƙe, da lokaci ya yi kuma ya saki.

Wannan magana tana da muhimmanci a gare mu. 'Ya'yanmu da suka tashi bayan rikicin Kafanchan na 1987, wanda ya bazu har Zariya, da kuma rikicin Kaduna na 2000, da wuya su gaskata cewa an yi zamanin da likitan Sardaunan Sakkwato Kirista ne. Amma haka aka yi, ya kuwa kamata su sani.

Daga Anchau zuwa Wusasa

An haifi Ishaya Audu ranar 1 ga Maris 1927 a Anchau, gabas da Zariya. Mahaifinsa yana cikin Hausawan farko da suka karɓi bishara a ƙasar Zazzau. A wancan lokaci masu bi daga cikin Hausawa 'yan ƙalilan ne, ana iya ƙirga gidajensu.

Domin mu gane inda wannan ƙaramar jama'a ta fito, sai mu koma baya kaɗan. A shekarar 1900 wata ƙungiyar 'yan mishan ta C.M.S. ƙarƙashin Bishop Tugwell ta kai har Kano, amma Sarkin Kano Aliyu bai yarda su zauna ba, ya sallame su. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda Hausawa suka riƙa kira Likita Mila. A 1905 ya sami wurin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Daga baya waɗansu daga cikin mutanen da ake kira Isawa, saboda girman da suke ba Annabi Isa, suka neme shi, aka kafa musu mazauni a Gimi. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa Gimi ya hallaka mutane da yawa, mazaunin ya watse. Wannan ciwo ya addabi Anchau ma, har a ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta sare kurmin bakin rafuka, ta ta da ƙauyuka, ta gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Yaron da zai zama likita ya tashi ne a ƙasar da ta san abin da cuta take yi wa gari sukutum.

Wajen 1929 mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa, a gindin dutse bayan ganuwar Zariya. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ginin ƙasa irin na Hausa, aka yi makaranta da asibiti. A 1932, lokacin Ishaya yana da shekara 5, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Mila ya daɗe a kansa tare da abokan aikinsa Hausawa da Turawa. A makarantar St. Bartholomew ta Wusasa Ishaya ya yi karatunsa na fari. Wusasa ƙaramin wuri ne, amma abin da ya fito daga cikinsa ya fi girmansa. Daga nan Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A nan ne kuma Yakubu Gowon ya girma. Iyayen waɗannan yara ba masu dukiya ba ne, ba kuma masu sarauta ba. Abin da suka iya bai wa 'ya'yansu shi ne tsoron Allah da karatu, suka kuwa dage a kai.

Doguwar hanyar karatu

A zamanin nan babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Makaranta mafi zurfi ita ce Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas, can Ishaya ya nufa. A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, aka kwashe ɗaliban Yaba aka fara da su, shi ma ya koma Ibadan a wannan shekara. Ibadan ba ta da cikakken asibitin koyarwa tukuna, gama sai a 1957 aka buɗe shi. Saboda haka ɗaliban likita sukan yi rabin karatu a gida, su ƙarasa a asibitocin Ingila. A 1951 Ishaya ya tafi Jami'ar Landan, ya zauna har 1954 ya fito likita. A 1955 ya ƙaro karatu a Libaful, garin da ya yi suna wajen koyar da cututtukan ƙasashe masu zafi. A 1958 ya yi aure, matarsa 'yar Kudu ce, Allah ya ba su 'ya'ya shida.

Cikin rassan aikin likita ya ƙware a kan cututtukan yara. Duk wanda ya san ƙauyukanmu na wancan zamani ya san abin da wannan yake nufi. Ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tari suna kwashe yara kafin a yaye su, uwa takan haifi takwas ta raya uku. Likitan yara kuwa dole ya koyi haƙuri da lura, gama mai jinyarsa ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. A 1962 ya shiga koyarwa a sabuwar makarantar likitoci ta Jami'ar Legas, ya kuma yi aikin bincike a Jami'ar Rochester da ke jihar New York a Amurka.

Likitan Firimiya

Cikin shekarun aikinsa na likita ne ya zama likitan Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan. Sardauna jikan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, mai kishin addininsa ƙwarai, har yawon wa'azin da ya yi a ƙarshen rayuwarsa ya ta da hankalin ikkilisiyoyi da dama a Arewa. Duk da haka, da ya zo zaɓen wanda zai duba lafiyar jikinsa, sai ya amince da ɗan mishan na Wusasa. Mutum ba ya ɓoye wa likitansa rauninsa, kuma abin da likita ya rubuta shi zai haɗiya. Taken gwamnatin Arewa a lokacin shi ne Aiki da Ibada, akwai kuma Kiristoci da suka yi aiki kusa da Firimiya, kamar Michael Audu Buba da Sunday Awoniyi. Shi kuwa Ishaya bai sauya sunansa ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba domin ya sami shiga. Ƙwarewarsa da riƙon amanarsa ne suka kai shi wurin.

Jami'a a tsakiyar guguwa

Kafin samun 'yancin kai gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sa Eric Ashby domin ya duba bukatar ƙasa ta ilimi mai zurfi, ya miƙa rahotonsa a 1960. Daga cikin abin da ya biyo baya har da kafa jami'a a Arewa. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426. An haɗa ta ne daga makarantun da suke nan tun dā: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Samaru, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Kwango, da kwalejin da ke Kano wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero. Sardauna ne uban jami'a na farko, shugabanta na farko kuwa Norman Alexander ne, masanin kimiyya mutumin New Zealand. Yawancin malamai Turawa ne, ɗalibai da yawa kuma daga Kudu suke, gama makarantun sakandare a Arewa kaɗan ne.

A 1966 Ishaya Audu ya karɓi shugabancin jami'ar yana da shekara 39. Babu shekarar da ta kai wannan wuya a tarihin ƙasarmu. Ranar 15 ga Janairu sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu manya. A watan Mayu Janar Aguiyi-Ironsi ya kafa doka ta 34 wadda ta rushe tsarin tarayya, zanga-zanga ta ɓarke a biranen Arewa, jini ya zuba. Ranar 29 ga Yuli aka sake juyin mulki, Yakubu Gowon ya hau. A Satumba da Oktoba aka yi kashe-kashe mafi muni, 'yan ƙabilar Ibo dubbai suka rasa rayukansu, sauran suka gudu zuwa Gabas. Jami'a ta rasa ɗalibai da malamai da ma'aikata masu sana'ar hannu cikin 'yan makonni. Mutumin da ya kafa ta ya mutu tana da shekara uku da 'yan watanni.

Ba a nan wahalar ta tsaya ba. Ranar 27 ga Mayu 1967 aka raba ƙasa jihohi 12, Arewa ta zama shida: Arewa maso Yamma, Arewa ta Tsakiya, Kano, Arewa maso Gabas, Binuwai-Filato da Kwara. Gwamnatin Jihar Arewa da ta haifi jami'ar ta ƙare, aka bar ta a hannun hukumar riƙon ƙwarya mai kula da kayan haɗin gwiwar jihohin shida. Shugaban jami'a ya zama mai iyayen gida shida, kowa da bukatarsa, kowa yana ƙirga 'ya'yan jiharsa nawa aka ɗauka. A watan Yuli yaƙin basasa ya tashi, bai ƙare ba sai Janairu 1970, kuɗi da hankalin gwamnati suka koma fagen daga. Wani da ya ga haka sai ya ce a lallaɓa kawai kada rufin ya faɗo. Amma cikin waɗannan shekaru ne jami'ar ta yi girma.

Abin da aka gina

Babbar matsalar ita ce ɗalibai. Domin shiga jami'a a lokacin sai yaro ya yi ƙarin shekara biyu bayan sakandare ya ci babbar jarrabawa, makarantun da ke da waɗannan azuzuwa kuwa ba su da yawa a Arewa. Akwai hanya biyu masu sauƙi: a sassauta ma'auni a ɗauki kowa, ko kuwa a bar jami'ar ta cika da 'ya'yan wasu wurare a ce 'yan Arewa ba su cancanta ba. A zamanin Ishaya Audu aka bi hanya ta uku mai wuya, aka buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a cikin Samaru. Ana ɗauko yara daga sakandare a koya musu abin da ya rage, malaman jami'a suna lura da su, sa'an nan wanda ya ci ya wuce. Ɗan manomi daga Borno ko Adamawa ko Filato ko Sakkwato ya sami ƙofa, ba a kuwa zubar da darajar digiri ba. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyi da alƙalai da manyan ma'aikatan da suka riƙe jihohin Arewa daga baya ta wannan ƙofa suka shiga.

A 1967, shekarar da yaƙi ya tashi, aka buɗe tsangayar koyon aikin likita, aka haɗa ta da asibitocin gwamnati domin koyarwa. Yaron da dā sai da ya ƙetare teku kafin ya ƙarasa karatun likita, yanzu ya ga 'yan ƙannensa suna yin nasu a Zariya. Binciken aikin gona a Samaru ya ci gaba a kan auduga da gyaɗa da dawa, ana kai sakamakon ga manoma ta hannun malaman gona. Aka kuma dage wajen tura matasan malamai 'yan ƙasa ƙaro ilimi domin su gaji Turawa. Zuwa 1972, shekara goma da kafuwa, ɗaliban jami'ar sun haura 7,000 idan aka haɗa da masu share fage da masu difloma.

Akwai wani abu da ya kamata mu masu bi mu lura da shi. A ƙarƙashin wannan jami'a akwai Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano inda ake koyar da Larabci da ilimin addinin Musulunci, a Kwango kuma ana horar da alƙalan kotunan gargajiya da na shari'a. Duk waɗannan suna cikin amanar da aka ba Kirista ɗan Wusasa. Kwalejin Kano ba ta ƙanƙance a hannunsa ba, ta ci gaba da girma har a 1977 ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta. Mun san labarin Yusufu a gidan Fir'auna, da na Daniyel a fadar Babila. Dukansu sun riƙe dukiyar mutanen da ba bangaskiyarsu ɗaya ba, suka yi aikin da gaskiya, ba su karkatar da rumbu zuwa gidan danginsu ba, ba su kuwa daina yi wa Allahnsu sujada ba. Irin wannan hidima ita ma shaida ce, wani lokaci ma takan kai inda wa'azi ba ya kaiwa.

A 1975 ya sauka bayan shekara 9. A wannan shekara ce aka hamɓarar da gwamnatin Gowon, ranar 29 ga Yuli, gwamnatin tarayya kuma ta karɓi jami'ar daga hannun jihohi. Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, ya gaje shi.

Siyasa da ɗaurin da ya biyo baya

Da sojoji suka shirya miƙa mulki a 1979, jam'iyyu biyar suka fito. Dokta Nnamdi Azikiwe na jam'iyyar NPP ya ɗauki Ishaya Audu ya zama ɗan takarar mataimakinsa. Shekara 9 kacal bayan yaƙi, ga Ibo da Bahaushe a kan tuta ɗaya. Ba su ci zaɓe ba, Alhaji Shehu Shagari na NPN ne ya ci. Amma da yake NPN ba ta da rinjaye a majalisa, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP, ta wannan hanya Farfesa ya zama ministan harkokin waje.

A zamaninsa Zimbabuwe ta sami 'yanci a Afirilu 1980, a wannan wata kuma shugabannin Afirka suka taru a Legas a kan tattalin arzikin nahiyar. A Mayu 1981 aka kashe sojojin Nijeriya biyar a kan iyaka da Kamaru, mutane da yawa suka nemi a yi yaƙi, amma aka kashe wutar ta hanyar tattaunawa. Nijeriya ta kuma tura sojoji Chadi cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Ba duka ne abin yabo ba. A Janairu 1983 gwamnatin da yake cikinta ta kori baƙi marasa takardu, yawancinsu mutanen Gana, suka sha wahala ƙwarai a kan hanya, sunan ƙasarmu ya ɓaci a idon maƙwabta. Haka kuma da yarjejeniyar NPN da NPP ta rushe a 1981, shi ya ci gaba da zama minista har 1983, abin da bai yi wa tsofaffin abokan tafiyarsa daɗi ba. Siyasa rijiya ce mai zurfi, wanda ya shiga ba ya fita da busasshiyar riga, mai bi ma bai tsira daga wannan ba.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, Janar Muhammadu Buhari ya hau mulki, aka kama 'yan siyasa da yawa. Farfesa Ishaya Audu yana cikinsu, ya yi wajen shekara guda a tsare. Mutumin da ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya da sunan Nijeriya ya kwana a bayan ƙofar da wani ke riƙe da mabuɗinta.

Komawa Samaru

Da aka sake shi sai ya koma Samaru, a bakin jami'ar da ya taɓa shugabanta, ya ci gaba da aikin likita a asibitinsa. Tsohon shugaban jami'a, tsohon minista, ya koma duba marasa lafiya kamar yadda ya fara. Ya kuma ba da kansa ga aikin bishara, ya kafa ikkilisiya yana kiwonta, har aka san shi da laƙabin Rabaran Farfesa. Ya rasu ranar 29 ga Agusta 2005 a Amurka, yana da shekara 78.

'Yan'uwa, mutane da yawa sun iya hawa, kaɗan ne suka iya sauka. Wanda ya ɗauki kujera a matsayin gadon gidansu, ranar da aka karɓe ta yakan zama kamar an cire masa rai, ya ƙare kwanakinsa cikin gunaguni. Wanda kuwa ya san ajiya ce aka ba shi, idan mai ita ya karɓa sai ya koma ga abin da ya rage a hannunsa. Abin da ya rage wa Ishaya Audu shi ne ilimin likita da bangaskiyar da ya taso da ita tun Wusasa, da su kuwa ya ƙarasa hidimarsa.

Mu ma kowannenmu yana riƙe da wani abu da ba nasa ba. Wani malamin makaranta ne, rabin ajinsa 'ya'yan Musulmi ne. Wata ungozoma ce, wani akawu ne mai riƙe da fayil ɗin mutanen da ba zai taɓa ganinsu ba, wani ma'ajin ikkilisiya ne. Mu tambayi kanmu: maƙwabcinmu da ba ya zuwa sujada tare da mu, zai iya miƙa mana ɗansa ko kuɗinsa ko asirinsa ya koma gida ya yi barci? In kuwa an ba mu ikon ɗaukar ma'aikata ko ɗalibai, da wane mudu muke auna wa ɗan wani, da wanne muke auna wa namu? Iyaye kuma su tuna da iyayen Wusasa, waɗanda ba su bar ƙarancinsu ya zama hujjar barin 'ya'yansu a jahilci ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin bayinka da suka riga mu, waɗanda suka yi wa ƙasarmu hidima da tsoronka. Ka ba shugabannin jami'o'inmu da malamai da likitoci hikima da gaskiya. Ka sa mu zama amintattu cikin abin da ka danƙa mana, ƙarami ko babba, ka kuma maido da yarda tsakaninmu da maƙwabtanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.